Iya Maiturare Ta Bar Wasiyyar Dariya

Kakata ta wajen uba Ummukulsum ne sunanta na yanka, amma in ka shigo unguwarmu a Daura kana cigiyar Ummukulsum sai ka wuni kana yawo. Ka ce Iya Maiturare, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofa. Ba ma sai an nuna maka ba, hancinka zai kai ka. Shekara hamsin da 'yan kai ta yi tana haɗa turaren wuta da humra a ɗaki guda, har bangon ɗakin ya riƙe ƙamshin, in damina ta jiƙa shi sai ya riƙa mayarwa.

Abu ɗaya tak ta taɓa roƙo a wurina, ni jikarta Fadila: in ta mutu in yi mata wasan jikoki. Ga wanda bai taso ya tarar ba, al'ada ce ta mutanenmu. Tsoho ko tsohuwa in sun rasu bayan sun sha miya sosai, ran sadakar uku ko ta bakwai jikoki kan ɗauko kayan mamacin su saka, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa da irin faɗansa a tsakar gida, har masu zaman makoki su yi dariya. 'Ya'ya ba sa yi, aikin jikoki ne, don su ne abokan wasan kaka. Cikas ɗin shi ne mahaifina, Malam Harisu, ɗanta na fari, mai karantar da littattafai a zauren gidan, ya daɗe da hana wannan wasa a gidansa. Cikas na biyu kuma ni ce da kaina.

Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, kuma shekaru ke nan ina sharhin fina-finai, a shafina na sada zumunta da kuma wani shiri na mako-mako a gidan rediyo. Ina da tabarau, ina da littafin da nake rubuta kurakurai, ina ba da maki cikin goma. Mutane sun san ni da tsanani, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Fim ɗin barkwanci kuwa ban taɓa ɗaukarsa aiki ba. In an kawo mani shi sai in ajiye shi can ƙarshen shiri, in yi masa minti biyu, kamar yadda ake sallamar maroƙi a bakin ƙofa.

Iya ba ta taɓa shiga aji ba. A wata ruga aka haife ta kusa da Mai'adua, ubanta makiyayi ne mai kai shanu kasuwa. Tana da kamar shekara goma sha biyu kakanta ya rasu, tsoho mai shekara kusan ɗari, wanda aka sani da yi wa shanunsa shari'a: in saniya ta yi ɓarna sai ya tsayar da ita, ya karanta mata laifinta, ya ba ta damar kare kanta, sannan ya yanke hukunci. Ran sadakar uku Iya ta ɗora malafarsa, ta saɓa sandarsa, ta jawo wata maraƙa tsakiyar mata ta fara shari'a. An ce har daga rugagen maƙwabta aka riƙa zuwa ana roƙon ta sake. Da tsufanta in tana ba ni labarin, ba dariyar taron take tunawa ba. Matar mamacin take tunawa, wadda ta kwana uku kamar dutse, ranar ta yi dariya har ta kifa kai a cinyar ƙanwarta, daga nan kukan da ya ƙi zuwa ya zo.

Aure ya kawo ta Daura, gidan wani malami. Wata maƙwabciyarta Babarbariya ce ta koya mata sana'ar turare, yadda ake jiƙa itace a mai ƙamshi a soya shi da sukari a kasko ba tare da ya ƙone ba. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, da wannan kaskon ta rene su. Takan hau mota har Kongolam ta tari fataken da ke ƙetarowa daga Nijar, ta shinshina itace ɗaya bayan ɗaya, wanda aka yi wa algus ta mayar wa mai shi tana kwaikwayon rantsuwar da ya gama yi mata, har shi kansa ya yi dariya ya ɗauko na kirkin daga ƙasan buhu. A gida ma haka. Amare da iyayensu kan zo sayen humra su ɓata rabin yini a ɗakinta, don in kika zauna minti goma Iya ta ɗauke ki tsaf, yadda kike gyara ɗankwali, yadda kike taya kaya kina kallon gefe, ta mayar maki da abinki a gabanki. Ban taɓa ganin wadda ta yi fushi ba.

Mutum ɗaya ne Iya ba ta wasa a gabansa, shi ne Baba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da take yi masa, cikakkiya. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce mani “uban naki”. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci yakan zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango ta amsa a taƙaice. Tun ina ƙarama nake hango su haka daga nesa. Ko tana tsakiyar ba da labari mata na ta kwasar dariya, da ta ji sallamarsa sai ta yi gum. Na girma ina tausayin Baba, a zatona shi kaɗai ne a Daura bai san wace ce uwarsa ba.

Fim ya shigo rayuwarta ne da gwiwoyinta suka ƙi, tafiya Kongolam ta gagara. Ni na saya mata waya, na kai wa masu tura fina-finai na bakin kasuwa suka cika mata memori. Takan jingina wayar da kwalbar humra ta zauna a 'yar kujerarta tana tankaɗe garin turare tana kallo. Da farko na ɗauka abin rage zaman kaɗaici ne kawai. Sai da na lura da yadda take kallon, na gane abin ya wuce haka.

Kowane fim sau biyu take kallonsa, na biyun kuma sai ta sa an kashe mata muryar. Ta ce wanda ya iya wasa ko ba a ji bakinsa za a gane, wanda bai iya ba kuwa magana ce ke rufa masa asiri. Ba ta kallon mai magana, wanda ake yi wa maganar take kallo. Takan nuna mani ɗan wasa da tsinken tankaɗe ta ce wannan ba saurare yake ba, jira yake a gama ya faɗi nasa. In na mayar baya na duba sai in tarar haka ne, leɓensa ma har motsi yake yana bita. Ni da na yi shekaru ina karanta littattafan sharhi, ban taɓa cin karo da wanda ya koya mani wannan ba.

Fina-finan kuka, waɗanda mu masu sharhi muke yi wa ruwan maki, su ne ba ta da haƙuri da su. In an fara kiɗan tausayi an nuno marainiya tana zubar da hawaye sai ta tura wayar gefe.

“Kuka ai ko hayaƙin kaskona yana sa shi,” in ji ta. “Ki kashe wa mutum uwa a fim, dole a yi kuka, mene ne aikinki a ciki? Amma ki sa wanda ke da ciwo a zuciya ya yi dariya, ki gani in wasa ne.”

Na yi mata gardama irin ta 'yan boko, na kawo saƙo da darasi da gyaran al'umma. Ta bar ni na gama, sannan ta kwaikwayi yadda nake tura tabarau da yatsa in zan faɗi kalmar “saƙo”. Ban sake kawo maganar ba ranar.

Ana nan sai wasu matasa na yankinmu suka fitar da wani fim na barkwanci. Ba su da kayan aiki, ba su da sananniyar fuska ko ɗaya. Labarin wani tsoho ne mai sayar da goro, Mati, marowaci na ƙin ƙarawa, wanda kan raba goro ɗaya gida takwas in ya yi baƙi. A tsakiyar fim ɗin Mati ya mutu, jikokinsa suka yi masa wasan jikoki ran sadakar uku. Na kalla sau ɗaya, ina yi ina rubutu. Kyamara na rawa, iska na shiga murya, a wannan fitowar ta makoki ma har inuwar sandar makirfo ana gani a bango. Ran shiri na ba shi biyu cikin goma. Na ce bayan rashin ƙwarewa, fim ɗin ya mayar da mutuwa abin wasa, ya kamata a ce mun wuce nan. Sauran masu sharhi suka bi sahu, kambun gwarzon fim na shekarar kuma ya tafi ga wani fim da aka yi kuka a cikinsa tun daga farko har ƙarshe.

Abu biyu suka biyo bayan shirin. Na farko, Baba ya kira ni ya ce ya saurara, Allah ya yi mani albarka. Wannan ne karo na farko da ya taɓa yaba aikina na fim, kuma na yi kwana biyu ina jin daɗinsa. Na biyu, Iya ta aiko in zo.

Na same ta da hantsi ta riga ta jingina waya, an kai fim ɗin daidai wurin makokin, murya a kashe. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce in zauna in cire wannan gilashin in yi kallo. Ta hana ni kallon jikokin da ke tsalle-tsalle a tsakiya, ta sa tsinke a can gefen hoton, kusa da turmi, inda wata tsohuwa ke zaune a matsayin matar Mati. Ban ma san tana cikin fim ɗin ba. Jikoki na ta yi, tsohuwar ba ta motsa ba. Sai wani jika ya zauna irin zaman Mati, ya fasa goro, ya rarraba wa baƙi ƙananan, ya waiga hagu da dama, ya cusa babban ɓarin a ƙarƙashin hula. Kafaɗun tsohuwar suka fara rawa. Ta kai gefen mayafi baki ta toshe, ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata, kuma kafin dariyar ta ƙare hawaye sun wanke mata fuska.

“Wannan ba 'yar fim ba ce,” Iya ta ce. “Tsohuwar ƙauye ce suka roƙa ta zauna masu. Ta binne nata mijin, shi ta gani. Yaran nan sun san abin da suka samu, shi ya sa ba su yanke ba. Ke kin ga inuwar sanda, ni na ga mata.”

Sau huɗu na sa aka mayar. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi kan tsone maka ido. Na yi shekaru ina neman gaskiya a fim, ga ta an ajiye mani a gefen turmi, na tsaya ina kallon bango.

A nan ne ta yi roƙon. Ta ce ta yi wa kakanta, ta ga an yi wa uwarta, ita kuma ba ta son a zauna mata kwana bakwai ana kumbure-kumbure kamar an yi gobara. Jikokinta sun fi ashirin, amma kowa tsoron uban nawa yake ji, ni kuma tunda ina da bakin da zan zagi wasan a rediyo, ai ina da bakin da zan yi shi. Na ce mata Baba ba zai yarda ba. Ta ce uban nawa nasa daban, ni take tambaya. Na amsa, a raina ina cewa maganar tsofaffi ce, gobe ta manta.

Ba ta manta ba. Asabar ta gaba ina shiga ta miƙo mani zanenta da mayafi, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka muka fara. Kowace Asabar da hantsi, lokacin da Baba ke zaure da ɗalibansa, sai mu saki labule, ni Malama Fadila mai tsanani in ɗaura zanen tsohuwa in riƙa ɗingishi a ɗaki, mai zanen na zaune tana yi mani sharhi. Kuma ban taɓa haɗuwa da mai sharhi mara tausayi irinta ba. Ran farko biyu cikin goma ta ba ni, ta ce ɗaya ma don zanen nata ne. Ta ce na cika sauri, ina faɗin magana tun kafin mai ji ya gama jiran ta. Ta ce na mayar da ita gurguwa, alhali gwiwa ɗaya ce ke ciwo, ɗayar rakiya take yi. Ta koya mani inda ake shiru, da tsawon shirun, tana ƙirga mani da numfashi. Wata rana na yi wani abu da na tabbata ya yi kyau, na ƙara masa gishiri, na tsaya ina jiran yabo.

“Dariya kike nema,” ta ce. “Shi ya sa ya zama izgili. Ki bar neman dariya, ki neme ni. In kin same ni, dariya ita za ta kawo kanta.”

Na koma rediyo na janye maganata a kan fim ɗin Mati, na bayyana abin da na gani a gefen turmi. Ba wanda ya kula sosai, kambu ya riga ya tafi, matasan ma na ji an ce sun watse kowa ya kama wata sana'a. Wannan har yau yana ci mani rai. Da na gaya wa Iya na ƙara masu maki, ta ce to su dafa shi su ci.

Na kuma yi ƙarfin hali na je wurin Baba na gaya masa wasiyyar, ban dai ambaci Asabar ba. Bai yi faɗa ba, Baba ba mai faɗa ba ne. Ya ce mutuwa wa'azi ce ga masu rai, mamaci kuma addu'a yake bukata. Ya ce ya ga gidajen da wasan ya zama hauka, matasa su tare makara, a yi ta shewa gawa na kwance. Ban iya cewa ƙarya yake ba, don ni ma na gani. Ya rufe da cewa a gidansa dai ba za a yi ba, kuma ya yi mamaki da maganar ta fito daga bakin da ya sa wa albarka. Na fito gaba kura baya sayaki. In na yi, na saɓa wa ubana a ranar da ya fi kowace rana bukatar biyayyata. In na ƙi, na ci amanar tsohuwar da ba za ta iya tashi ta tuna mani ba.

Shekara ɗaya da rabi muka yi muna wannan Asabar. Mafi yawan makin da na taɓa samu shida ne.

Iya ta rasu da damina, ran wata Talata bayan Azahar, bayan jinyar kwana tara. Baba ne ya yi mata salla. Ya dawo ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, yana amsa wa kowa daidai, har shi ke ba wasu haƙuri. Hawaye ko ɗigo ba a gani ba. Ƙanwarsa Gwaggo Adawiyya ta ce mani abin na ba ta tsoro, don ta san ɗan'uwanta, in ya yi irin wannan tsit ɗin to ciki ne ke ci. Cikin gida ma haka aka zauna jugum, mata cike da tsakar gida amma ba ka jin komai sai ƙarar carbi da “ya ƙarin haƙuri”. Gidan da aka saba jiyo dariya tun daga lungu ya koma kamar ɗakin jiran asibiti.

Ran sadakar uku da safe aka yi addu'a a waje, maza suka fara raguwa, aka shigo da sauran gumba ana rabawa mata. Na tashi na shiga ɗakin Iya ba tare da na yanke shawarar komai ba. Ƙamshinta ya tare ni a ƙofa. Zanen na nan a kan igiya inda muka rataye shi Asabar ta ƙarshe. Na daɗe a tsaye ina jin tsoron Baba da kunyar idon jama'a, ina kuma jin haushin tsohuwar da ta tafi ta bar ni da wannan kaya. Sannan na cire tabarau na ajiye, na ɗaura zanen, na yafa mayafin. Na ɗauki kaskonta na bi ta madafa na zuba garwashi, na barbaɗa turare, na fito.

Gwaggo Adawiyya ta zaro ido, ta raɗa mani cewa Malam fa yana zaure. Na wuce ta da ɗingishin gwiwa ɗaya. Na ajiye 'yar kujerar a ƙofar ɗakin, na zauna da irin nishin da Iya ke yi, wanda rabinsa ciwo ne rabinsa neman a kula. Tsakar gida ta yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai. Na yi shiru na numfashi uku kamar yadda aka koya mani, sannan na dubi wata maƙwabciya da ta shekara talatin tana sayen humra, na ce mata da muryar Iya ta matso ta taya, amma yau kada ta kalli gefe. Matar ta toshe baki. Wata daga baya ta yi ƙyaƙyat ta haɗiye. Na ɗauki wani ƙiraren itace na shinshina, na mayar wa falken da ba ya nan, na jero masa rantsuwarsa. Sai dariya ta ɓalle. Ba shewa ba, wata irin dariya ce mai nauyi, ana yi ana share ido, tsofaffi na cewa Allah ya jiƙan Maiturare, wallahi ita ce. Gwaggo Adawiyya ta zauna daɓas a ƙasa tana yi tana kuka.

Ana cikin haka aka ji sallamar Baba.

Kamar an ɗauke wuta. Yana tsaye a bakin tsakar gida, carbi a hannu, yana kallona cikin zanen uwarsa. Ban yi tunanin komai ba, kuma ba jarunta ba ce. Shekara ɗaya da rabi ina koyon zama Iya, jikina ya yi abin da takan yi in ta ji wannan sallamar: na ja mayafi na juya fuska bango. Ina jin takunsa yana matsowa, ina jiran kalmar da za ta raba ni da albarkarsa.

“Ba ki gama ba,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “In ta juya, takan turo kaskon da ƙafa. Wajen ƙofa.”

Ban taɓa ganin wannan ba, kuma a duk Asabar ɗinmu ba ta taɓa gaya mani ba. Na miƙa ƙafa na tura kaskon a hankali. Baba ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a gabana, a gaban matan unguwa, ya bar hayaƙin yana shiga rigar. Ashe ƙamshin da na saba ji a jikinsa tun ina yarinya, wanda na ɗauka feshi yake yi, daga nan yake samo shi kowace safiya.

“Iya, an tashi lafiya?”

Da muryarta na ce lafiya lau, a taƙaice, irin yadda nake hangen tana yi. Bai tashi ba. Ya ce saura maganar bango. Ni kuwa ban san wata maganar bango ba. Na gane cewa duk abin da na tara a kan Iya, da duk wanda matan nan suka sani, bai kai abin da mutumin nan ya tara a durƙushe a ƙofar ɗaki ba, shekara sittin, daga uwar da ba ta taɓa kallon idonsa ba.

Da ya ga ban sani ba sai ya faɗa da kansa. Bai canza murya sosai ba, ɗan lanƙwasa ta kawai ya yi, amma wallahi ko ni da na sha horo ban taɓa kusantar ta haka ba.

“Bango, ka gaya wa mutumin nan hularsa ta karkace.”

Gwaggo Adawiyya ce ta fara, sannan gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Na juyo na dube shi. Kafaɗunsa na rawa, dariya yake yi, hawaye na gangarowa suna shiga gemunsa, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoye ko ɗaya ba. Ya ɗaga hannu biyu ya gyara hular. Kwana uku ke nan tana a karkace, ba wanda ya gaya masa.